Mai sayar da furanni da kuɗin ruwan bazara

Wani ɗan kasuwa daga Katsina ya aiko da tambaya kamar haka: "Ina sayar da furanni da dashen itatuwa a bakin titi, shekara ta uku ke nan. Yawancin kayana daga Jos nake saro su. Da damina da hunturu ciniki na tafiya, amma da bazara ta kama sai kusan rabin kayan su ƙone, kuɗin ruwa kuma ya cinye ɗan abin da na samu. Na tara kimanin naira miliyan ɗaya. In haƙa rijiyar burtsatse ne, ko in ƙaro kaya, ko in haƙura da sana'ar?"

Malam, Allah ya yi wa nema albarka. Kada ka bar sana'ar nan, kada kuma ka yi gaggawar haƙa rijiya. Abin da ya kamata ka fara canjawa shi ne irin kayan da kake sayarwa.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, tana da sanyi, ruwan saman da take samu a shekara kuma ya haura milimita 1,200. Katsina kuwa da ƙyar take wuce milimita 600 zuwa 700, shi ma cikin wata huɗu yake zuba ya ɗauke. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Furen da ya tashi a inuwar Jos, in ka sauke shi a bakin kwalta a Katsina, ruwan da za ka zuba masa bai isa ya mayar masa da iskar garinsu ba. Kana biyan kuɗin saye, da na mota, da na ruwa, sannan ya mutu a hannunka. Wanda ya rayu ka sayar kuma, sai ya je ya mutu a gidan mai saye, shi ke nan ka rasa abokin ciniki.

Yanzu maganar rijiya. Ka ce a bakin titi kake. Filin naka ne? In ba naka ba ne, duk ranar da aka zo faɗaɗa hanya ko aka ce a tashi, tukwane da leda za ka iya kwashewa, rijiya kuwa a nan za ka bar ta. Ko da filin naka ne, haƙawa ba ita ce ƙarshen kashe kuɗi ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareto don jawo ruwa ya zama nauyi, shi ya sa kuɗin jarka ya tashi a wajen 'yan ga-ruwa. Tankin ajiya da rumfar raga mai rage zafin rana sun fi maka amfani a yanzu, kuma ba za su cinye jarin duka ba.

Wannan tsadar ruwan da ke damunka tana damun masu sayen kayanka, kuma a nan kasuwarka take. Ɗauki ciyawar ado da masu gidaje ke so a shimfiɗa musu. A tsakiyar bazara, kowace murabba'in mita ɗaya ta ciyawa tana buƙatar kimanin lita 6 na ruwa a rana in ana so ta zauna kore. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai sha lita 600 ke nan, wato jarka 24 mai cin lita 25, kusan kura biyu kullum. Ka sa farashin kura na unguwarku ka ninka da kwana 90. Ka rubuta wannan lissafi a takarda ka riƙa nuna wa mai gida, da shugaban makaranta, da mai gidan mai, da mai otal. Da yawansu ba su taɓa zama sun ƙirga ba, sai dai su ga ciyawa ta bushe su ɗora wa mai gadi laifi. Ko a Amurka, jihar Nevada ta kafa doka a 2021 da ta hana shayar da ciyawar da ba a amfani da ita sai don ado da ruwan kogin Colorado a yankin Las Vegas, daga shekarar 2027.

To me za ka sayar a madadinta? Ni da shukar kariya zan fara. Tamu ce, a dajinmu take fitowa, tana ajiye ruwa a kututturenta mai kumburi, kuma da rani, lokacin da komai ya bushe, take fitar da furenta mai ruwan hoda. Mu da muka saba ganinta muna raina ta, amma a ƙasashen Asiya, musamman Tailan, an mai da ita sana'a babba, ana aurar da launuka iri-iri a kan gindi ɗaya ana sayarwa duniya. Wadda aka shuka daga iri ita ce ke yin kututture mai kyau, ita ce kuma mai tsada. Wadda aka dasa daga reshe ta fi saurin fure amma gindinta ba ya kumbura sosai. Ka riƙa yin duka biyun. Abin da ke kashe kariya yawan ruwa ne, saboda haka ka haɗa mata ƙasa mai yashi da yawa, tukunyar ta zama mai huda, da damina kuma ka ɗaga ta daga inda ruwa ke kwanciya. Kariya a baƙar leda kuɗinta kaɗan ne. Ita ɗin dai, a tukunyar ƙasa mai kyau da farar tsakuwa a samanta, mai saye ba zai yi maka tayin wulaƙanci ba. Ka nemi maginan tukwane na kusa da kai ku yi yarjejeniya.

Sai boganbiliya, wadda ke hawa katanga da fure ja ko fari ko ruwan goro. Da reshe ake dasa ta, in ta kama ƙasa kuma ƙishi ma ƙara mata fure yake yi. Lalle yana yin shinge mai kyau in ana aske shi, furensa na da ƙanshi, matan gida kuma su ci moriyar ganyen. Alobera da moda suna zaune lafiya a tukunya, moda ma har cikin ofis tana rayuwa inda haske bai da yawa. Ga dabino don ƙofar gida, ga darbejiya da zogale waɗanda ba sai na gaya maka ba. Duk waɗannan kana iya haifar da su da kanka. Uwa ɗaya ta boganbiliya za ta ba ka rassan dashe masu yawa kowace shekara, ba kuɗin mota, ba asarar hanya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Akwai gaskiyar da dole ka faɗa wa mai saye, ko da za ta rage maka ciniki na rana ɗaya. Ruwan jikin kariya guba ne, haka ma farin ruwan aguwa yana cutar da ido. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki, ka gaya musu su ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa, ko ka ba su wani abin. Sannan kada ka ce wa kowa shukar nan ba ta shan ruwa. Kowace shuka tana son ruwa a watanninta na farko kafin saiwa ta nutsa. Shi ya sa dashe a farkon damina, Yuni zuwa Yuli, ya fi araha ga kowa.

Game da kuɗin, ga yadda nake gani. Kashi ɗaya cikin uku ya tafi ga tanki da rumfa da leda da yashi da taki da iyayen dashe. Kashi ɗaya ka riƙe shi don aikin gidaje, domin a nan riba ta fi kauri. Mai sayar da tukunya ɗaya-ɗaya yana jiran mai wucewa ne, amma wanda ya karɓi aikin tsara farfajiya yana cin kuɗin shuka, da na tsakuwa, da na aikin hannu, sannan ya biyo baya da kuɗin kulawa na wata-wata. Ka fara da wuri ɗaya da jama'a ke gani, ko harabar masallaci ko gaban shagon wani, ka yi shi da sauƙin farashi, ka ɗauki hotonsa a watan Afrilu lokacin da na maƙwabta ya ƙone, ka sa a WhatsApp da Facebook. A irin wannan aiki ka haɗa masu son ruwa a gefe guda kusa da famfo, masu juriya a can nesa, ka rufe ƙasa da tsakuwa don rage tsotsewar danshi. Na fi son tsakuwa a kan ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa saboda gara. Kuma kada ka fara aikin kowa sai ya ba da kuɗin kaya a hannu, ko wane ne shi, domin shuka ba ta komawa shago in an fasa biya.

Kashi na ukun ka bar shi a ajiye, kada ka taɓa. Kariyar da aka shuka daga iri takan kai shekara ko fiye kafin ta yi girman sayarwa, kuma cikin wannan lokaci gida na buƙatar cefane. Saboda haka ba na ce ka yanke hulɗa da Jos gaba ɗaya ba. Ka saro kaɗan daga Oktoba, lokacin da sanyi ke shigowa, ka tabbata sun ƙare kafin ƙarshen Fabrairu, ko da za ka karya farashi a makon ƙarshe. Dashen mangwaro da gwaba da lemo su riƙe ka da damina. Ka sami littafi ka riƙa rubuta jarka nawa ka saya kowace rana da shuka nawa ta mutu, iri-iri. In bazara mai zuwa ta wuce, littafin zai nuna maka wane kaya za ka daina ɗaukowa, kuma a lokacin ne za mu sake duba maganar rijiya, in ka samu fili naka.