Tambaya da Amsa: Mu ke shan faɗan kwastoma, 'yan waje ke karɓar kuɗin aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen biyan diyya na wani kamfanin inshora. Duk fayil mai tsoka, kamar gobarar shago ko ambaliya a sito, sai a miƙa wa masu tantance asara na waje. Rahotonsu ya yi wata biyu bai iso ba, in ya iso kuma mu ne za mu zauna gyara. Kwastoma mu yake yi wa faɗa, su kuma a biya su kuɗi mai kauri. Ga 'yan kwantiragi an cika ofis da su, kana gama koya wa ɗaya aiki ya tafi. Mene ne mafita? Daga wani ma'aikaci a Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka haɗa mutum biyu a kwando ɗaya, alhali ba hanyarsu ɗaya ba. Akwai adjasta, wato ƙwararren mai tantance asara da hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta yi wa rajista. Akwai kuma ɗan kwantiragi da kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kawo ya zauna a teburin da ke kusa da naka.

Adjasta ba a iya rabuwa da shi. Idan gobara ta cinye shaguna da yawa a kasuwa irin Kantin Kwari cikin dare ɗaya, babu sashen da ke da mutanen da za su zagaye su kafin a kwashe toka. Kamfanonin da kamfaninku ya raba nauyin babbar asara da su ma rahoton mai zaman kansa suke son gani kafin su ba da kasonsu. Shi kansa ɗan kasuwa ya fi yarda da lissafin wanda ba ma'aikacin mai biya ba ne.

Inda aiki ke lalacewa shi ne wajen miƙa fayil, kuma a ganinmu laifin cikin gida ya fi yawa a nan. Sau da yawa waya kawai ake bugawa a ce "je ka duba shagon wane". Bai ga takardar yarjejeniya ba, bai ga ƙarin sharuɗɗan da aka liƙa mata daga baya ba, bai san ko an biya kuɗin inshorar ba. Dole rahotonsa ya zo da rami. Ka rubuta masa takardar umarni ranar da aka kawo rahoton asara, ka haɗa da cikakkiyar yarjejeniya, shaidar biyan kuɗi, adadin da aka yi wa inshora kashi-kashi (gini daban, haja daban, injuna daban), da abin da kwastoma zai ɗauka da kansa daga kowace asara. Ka sa wa'adi a rubuce. Muna ba da shawarar ziyara cikin kwana 2, rahoton farko cikin mako guda mai ɗauke da ƙiyasin kuɗin da za a ware, sannan bayani duk mako biyu har a kammala. Wanda ya saɓa sau biyu ba dalili, ka kai wa shugaban sashe kwanakin a rubuce. Ƙorafin baki ba ya cire kowa daga jerin waɗanda ake ba aiki. Lissafin kwanaki yana cirewa.

Jinkirin ma ba kullum daga adjasta yake ba. Yawancin 'yan kasuwarmu ba sa ajiye littafin haja a wajen shago, wuta kan cinye kaya da rasit gaba ɗaya. Tun ranar farko ka faɗa wa kwastoma abin da zai nemo: rahoton 'yan kwana-kwana, rahoton 'yan sanda idan akwai sata, bayanan asusun banki na wata shida zuwa shekara, kwafin rasit daga waɗanda yake saro kaya a wurinsu, da hotuna. Ka kuma gargaɗe shi kada ya sayar ko ya zubar da ragowar kayan kafin a ƙirga su, domin ana cire darajarsu daga diyya ko kamfani ya karɓe su.

Idan rahoto ya zo, wuri ɗaya za ka fi zuba ido, domin shi ke haddasa yawancin faɗan da kake sha. Misali, haja ta naira miliyan 20 ce a shago, amma miliyan 10 aka yi wa inshora. Wuta ta ci ta miliyan 6. Idan yarjejeniyar na da sharaɗin raba asara, miliyan 3 za a biya, tun da rabin kayan kawai aka rufe, sannan a cire kason da kwastoma zai ɗauka da kansa. Adjasta kan rubuta wannan a layi biyu ya wuce. Kai ne za ka zaunar da mutumin da dillalinsa ka yi masa lissafin a takarda kafin a miƙa masa takardar sallama ya sa hannu. Ka tuna adjasta shawara yake bayarwa. Amincewa ko ƙin biya hukuncin kamfani ne, kuma idan ƙara ta je NAICOM kamfanin za a tambaya.

Batun 'yan kwantiragi kuwa, kada haushinka ya sauka a kansu. Aikinku ɗaya, albashinsu ƙasa, ba tabbacin gobe, shi ya sa da sun sami ƙofa suke fita. Abin da ke hannunka shi ne a rubuta matakan aiki a shafi biyu, a fara ba sabon zuwa ƙananan fayilolin mota, kuma kada a ba shi ikon amincewa da biya shi kaɗai. Neman a mayar da su na dindindin kuwa magana ce ta ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan banki da inshora, ASSBIFI ga manyan ma'aikata, NUBIFIE ga ƙanana.

TAMBAYA: Ni 'yar kwantiragi ce a sashen diyya, shekara uku ke nan. Ina da haƙƙin fansho? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

AMSA: Malama, fara duba takardar ɗaukarki aiki ki ga sunan wa ke kai, domin yawanci kamfanin da ya kawo ki ne uban gidanki a takarda. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku. Dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ke kuma a cire miki kashi 8. Nemi bayanin asusunki daga kamfanin fanshonki. Idan ana cirewa a albashi amma ba ya shiga, ki rubuta wa hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ki haɗa da takardun albashinki na watannin. Idan abin ya ƙi, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara.