Hajiya ta kashe waya don ya ce zai kai iyali silima

Salamu alaikum 'yan ci-rani, ya sanyi, ya kewar gida. Saƙon wannan karon daga wani ƙanenmu ne ɗan Daura da ke digiri na uku a Ingila, iyali sun bi shi kwanan nan da yara biyu, babban shekara 13 ƙaramar 8. Ya ce 'yan ajin babban sun gayyace shi silima, shi kuma uban tunda yake bai taɓa leƙa ciki ba, yana tambaya ko ana duba takardu a ƙofa, ko za a bar matarsa ta shiga da hijabi, kuma wai ya ga suna neman ma'aikata ko ya nema. Sai babbar matsalar a ƙarshe, ya kira Hajiya a Daura cikin hira ya faɗa mata za su silima da iyali, ta ce "silima? da matar taka?" ta kashe waya, kwana uku ba ta ɗauka.

To ƙanena, ka fara ba Hajiya gaskiyarta, don silimar da ke kanta da wadda kake nufi sunan kawai suka haɗa. Su iyayenmu abin da suka sani shi ne katon fili da aka zagaye da katanga, galibi ba rufi, shi ya sa ba a fara fim sai duhu ya yi bayan isha'i, benci ne da hayaƙin sigari da ihu, ga 'yan daba a bakin ƙofa, kuma duk macen da aka gani ta shiga to an gama yanke mata hukunci a unguwa. Ga kuma tsohon tabo, gobarar silimar El-Duniya a Kano a 1951 wadda ta ci mutum sama da 300, dattawa da yawa sun ɗauke ta a matsayin ishara, labarin ya bi gari gari har nan ƙasar Katsina. Abin da iyayenmu suka yarda da shi majigi ne, wanda hukuma ke kawowa a mota a kafa farin ƙyalle a fili a nuna noma da tsafta da hawan sarki, kowa ya zo da tabarmarsa. Da shari'a ta zo wajen 2000 kuma aka rufe gidajen silima a wurare irin su Kano, sai abin ya ƙara tabbata a ran mutane cewa dama can wurin banza ne. Don haka ba rigima take ba, tsoro take ji kar Turai ta canza mata ɗa.

Yanzu takardu. Ba wanda zai tambaye ka biza ko izinin zama a ƙofar silima, su ba ma'aikatan shige da fice ba ne, tikitinka kawai suke so su gani. Inda katin shaida ke shigowa shi ne maganar shekaru, kuma nan ne nake so ka buɗe ido sosai saboda yaran. A Ingila kowane fim yana da alama, U na kowa da kowa, PG na kowa amma iyaye su lura, 12A wanda bai kai 12 ba sai da babba, sai 15 da 18. Waɗannan biyun na ƙarshe ba roƙo, ko kai ubansa ne kana riƙe da hannunsa ba za a bar ɗan 13 ya shiga fim mai 15 ba, kar ka tsaya kana "ai ɗana ne, na yarda", ma'aikacin da ke ƙofa aikinsa yake karewa. A Amurka tsarin daban ne, G, PG, PG-13, sai R wanda ɗan ƙasa da 17 zai iya shiga in yana tare da babba. Amma shawarata kar ka dogara da alamar kaɗai, abin da Bature ya ga ya dace da ɗan shekara 12 ba lallai kai ka iya zama kusa da 'yarka ana nuna shi ba. Hukumar da ke sa alamar a Ingila, BBFC, tana rubuta dalilinta a shafinta na intanet, ko zagi ne, ko jini, ko tsiraici, ko sumbata. Minti biyu zai ɗauke ka ka karanta kafin ka biya kuɗi, ya fi ka zo kana rufe wa yara ido da tafin hannu a cikin duhu.

Hijabi ba matsala ko kaɗan, za ta ga 'yan Pakistan da Somaliyawa da Larabawa da nasu. Kai har Saudiyya ma da ta hana silima sama da shekara 30 ta buɗe a 2018, aka fara da Riyad, yanzu mutanenmu na Jidda suna ganin su a manyan kantuna. Ban kawo wannan don in ce maka halal ne ko haram ba, wannan na malamai ne kuma ya danganta da abin da za ka kalla, na kawo ne don ka san wurin iyali ne a can.

Bari in ba ka labarin shigata ta farko, lokacin da nake zaune can kafin in dawo Katsina. Tikiti ya ce ƙarfe bakwai, ni kuma don kar a ce Bahaushe ya makara bakwai saura kwata ina ciki. Na hango kujera mai kyau a tsakiya na baje, aka kashe fitila, sai tallar mota, tallar banki, tallar waya, tallar wasu finafinan da ba su fito ba, har na fara zaton ɗakin da na shiga ba shi ba ne. Ina cikin wannan sai ga wata tsohuwa da mijinta sun tsaya a kaina tana haska min tikitinta da waya, tana magana ƙasa ƙasa cikin ladabi irin nasu mai sa ka ji kunya fiye da zagi, ashe kujerarta na zauna. Tikitin yana da harafi da lamba, harafin layi ne lambar kuma kujera, harafin na jikin matakala da 'yar fitila, nawa can gaba ne kusa da allo inda sai ka ɗaga wuya kamar mai duban wata. Don haka in za ka saya ta waya za su nuna maka taswirar ɗakin, ka zaɓi tsakiya zuwa baya, kuma ka sani talla na cin wajen minti 20 zuwa 25 kafin fim ɗin kansa. Ginin ma ba ɗaki ɗaya ba ne, za ka ga ɗaki goma ko fiye kowane da fim ɗinsa, lambar ɗakin na kan tikiti.

Wannan lissafin tallar yana da amfani wajen sallah. Ka duba tsawon fim, ka ƙara minti 25, ka ga inda zai kai ka. Da hunturu a Ingila magariba na yi kafin ƙarfe huɗu na yamma, in ka shiga na ƙarfe ɗaya da rabi la'asar ta tafi kana zaune, da bazara kuwa rana ba ta faɗuwa sai bayan tara, kana da fili. Ba sa tsayar da fim a tsakiya a huta irin yadda ake yi a Indiya, kuma kar ka sa ran ɗakin sallah sai dai in silimar na cikin babban kanti mai shi. Na safe ranar Asabar ko Lahadi da ake yi don yara shi ya fi muku, ya fi arha kuma ba wanda zai harare ka in ƙaramar ta yi surutu.

Kuɗi kuma, ga sirrin. Kuɗin tikiti ba duka ne na mai silima ba, wajen rabi, wani lokacin fiye a makon farko, yana tafiya wurin kamfanin da ya kawo fim ɗin. Ribarsu ta gaske tana wurin gugguru da lemo, shi ya sa masarar da ba ta kai komai ba za a sayar maka da ita kusan kuɗin tikiti, kuma shi ya sa sai ka ratsa ta gaban kantar kafin ka kai ɗaki, ƙanshin na dukan yara. Manyan silimun Ingila irin su Odeon da Vue da Cineworld galibi ba sa hana ka shiga da ɗan abin taɓawarka mai sanyi, abinci mai zafi ne ba sa so, a Amurka kuwa yawanci hanawa suke. Ku zuba dabino da cincin a jaka, ku ɗau ruwa. Kar dai uwargida ta ɗauko dambun kifi, ɗakin rufe yake. In za ka sayi alawa mai taushin nan ka juya bayan leda, da yawa ana haɗa su da sinadarin da ake samu daga alade, tsiran cikin burodin nan ma ka tambaya. Kai ɗalibi ne, ka nuna katin makaranta akwai ragi, tsakiyar mako ma ya fi sauƙi.

Ga abin da ya fi komai taɓa takardunka, kuma mutanenmu na raina shi. Kar ka ɗaga waya ka ɗauki allo. Na san halinmu, ana so a sa a status mutanen Daura su gani, ko a tura wa ƙanne su ma su kalla. A wurinsu wannan satar fasaha ce, ana horar da ma'aikata su lura da hasken waya, za su iya fitar da kai su kira 'yan sanda, a Amurka ma tun 2005 laifin tarayya ne da kan kai ɗaurin shekara uku a karon farko. Fim ɗin ma a kulle yake zuwa musu cikin na'ura, da mabuɗin kwamfuta mai wa'adi, in ya ƙare su kansu ba sa iya kunna shi, to ka ga irin tsaron da ake yi wa abin. Kai da za ka sabunta biza a tambaye ka ko ka taɓa samun matsala da hukuma, kar bidiyon minti ɗaya ya ja maka. In hoto kake so ka ɗauka a waje gaban fosta.

Aikin kuma aiki ne kamar na kowane kanti, duba tikiti, sayar da gugguru, share ɗaki tsakanin fim da fim, yawanci dare da ƙarshen mako, wanda ya dace da ɗalibi. Amma bizarka awa 20 ta ba ka a mako lokacin karatu, duk ayyukanka a haɗe, kuma ku masu digiri na uku hutunku ba irin na sauran ɗalibai ba ne, ka tambayi ofishin ɗaliban waje na jami'arku kafin ka karɓi ƙarin awa ko manaja ya roƙe ka. Sannan da yawansu suna sayar da giya, ka tambaya tun wurin intabiyu ko za a iya barin ka a ƙofa ko shara, kar sai ka fara a miƙo maka kwalba ka rasa yadda za ka yi. Na Jamus da Faransa da ke karantawa, ku kuma ku lura finafinan ana juya su zuwa harshen ƙasar, in da Turanci kuke so ku nemi mai alamar OV a Jamus, VO a Faransa.

Hajiya kuwa, kar ka yi mata ƙarya ka ce an fasa, yara za su tona ka ranar da suka karɓi waya. Ka sa yayarka ko wata gwaggo da take jin maganarta ta je har ɗaki ta gaishe ta ta sassauto da ita, in ta ɗauka ka fara da ban haƙuri, kar ka fara da bayani. Bayan nan ka ce mata na yara ne, zane ne mai motsi irin wanda jikokinta na gida ke kallo a talabijin, da rana za ku je ku dawo kafin la'asar, kuma kai da kanka za ka raka yaron don kar ya tafi da 'yan ajinsu shi kaɗai, wannan na ƙarshen shi zai fi kwantar mata da hankali. Ranar ku kira ta da bidiyo daga harabar wurin ta ga mata da yara da kekunan jarirai, ta ga surukarta da hijabinta har ƙasa. In ta ce duk da haka ita dai matar kar ta je, to ka kai yaran kai kaɗai wannan karon, uwargida ta yi haƙuri ku sayo mata guggurun a leda.