Tambaya da Amsa: Ruwa ya cika layinmu, in fita ɗaukar hoto?

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina ɗan taɓa ɗaukar hoto da waya. Duk ranar da aka tafka ruwa layinmu cika yake, makaranta ba ta zuwuwa, sai in ga gara in fita in ɗauki hotunan ambaliyar da in wuni kwance a ɗaki. Hajiyarmu ta ce ganganci ne. Ya kuke gani, kuma ya zan yi hoton ya fito da kyau? Daga mai karatu a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Hajiya tana da gaskiya, amma ni ba zan ce ka ajiye wayar ba, abin da zan ce shi ne ka ɗauki hoton ruwa ba tare da ka shiga ruwan ba. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, in ya kai 30 kuwa ƙaramar mota ma ɗagawa yake. Kuma ruwan titi ja ne jawur, ba ka ganin me ke ƙasa, lambatu nawa ne a Kano ba murfi? Taku ɗaya ne sai dai a ji labari, Allah ya kiyaye. Ga wayar wuta da iska ta tsinko, ga ruwan masai da na bola duk sun haɗe, shi ya sa amai da gudawa ke yawa da damina. Ka samu dakali mai tsayi ko barandar bene mai rufi ka tsaya. In ana tsawa ma kar ka fito sam, ka bari a yi minti 30 da jin ta ƙarshe.

Maganar kyan hoto kuma, wallahi lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan an ɗauke ruwan, musamman da la'asar in rana ta ɗan leƙo, sama ta wanke, kwalta na sheƙi. Ka nemi inda ruwa ya kwanta a gefe ba ya motsi, ka juya wayar kanta ƙasa kyamarar ta kusa taɓa ruwan, za ka ga hasumiyar masallaci ko ruwan ɗorawar adaidaita sahu sun fito biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa. Ka dinga goge gilashin kyamara da busasshen ƙyalle don ɗigo ɗaya ya isa ya dusashe komai, ka kashe filasha, kar kuma ka cika zumin don fasa hoto yake. In kyamarar wayarka na da Pro, wato inda kake saita ta da kanka, sa saurin ɗauka a 1/500 na daƙiƙa ɗigon ruwa zai tsaya cak, a 1/30 kuma sai ya zama zare-zare amma sai ka jingina hannu da bango.

To ga inda na fi so ka riƙe. Hoton nan zai iya yi wa unguwarku aiki. Ka zaɓi wuri guda, ka dinga ɗauka daga nan duk ruwan da aka yi, kuma a cikin hoton a samu abin da ke nuna zurfi, tayar mota, matakalar shago, layin bulo a jikin katanga. Washegari ka koma ka ɗauki shatin da ruwan ya bari a bango da kwalbatin da ledar fiya wata ta toshe. Kafin watan Agusta ya ƙare kana da hujjar da mai unguwa ko kansila ba zai ce bai gani ba. Ka tuna ruwan da ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022, da na Maiduguri ranar 10 ga Satumba 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, da yawan abin da muka gani mutanen gari ne suka ɗauka da wayoyinsu. In za ka sa a Facebook ka rubuta unguwa da rana, don duk damina sai ka ga an kwaso tsohon hoto ana cewa na yau ne. A WhatsApp kuma ka tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba bayanin ranar da ke cikin hoton gogewa yake.

Sannan don Allah mutuncin mutane. Matar da ta tattare zani tana keta ruwa, ko dattijon da ɗakinsa ya rufta yana kwashe kaya, ba a ɗora musu kyamara sai da izini, in ma ka ga ana buƙatar hannu to sa wayar a aljihu ka kama musu.

Wayar kanta ka sa ta a leda mai zif, ko an rubuta IP67, wato alamar tana jure ruwa, kar ka saki jiki, da ruwa mai tsabta aka gwada ta. In ta jiƙe ka kashe ta, kar ka sa caji, kar ka tusa ta cikin shinkafa, ka ajiye ta inda iska ke kaɗawa har ta bushe. Ka nuna wa Hajiya wannan amsar, ka kuma faɗa mata inda za ka tsaya kafin ka fita.