Tsakanin 4.6 da 46 akwai kuɗin famfo guda

Ka tambaye ni, yarona, me ya sa littafin injin buga bulo da aka kawo mana ya rubuta kaurin mansa 0.000046 m²/s, alhali a jikin duron da ke shago 46 aka rubuta, har kana zargin ko ba mai ɗaya ba ne. Mai ɗaya ne. Murabba'in mita a daƙiƙa, wato m²/s, babban ma'aunin kauri ne na masana kimiyya, wanda ɗayansa kaɗai ya kai sitok 10,000, kuma tunda kowane sitok santisitok 100 ne, ɗayan nan ya zama santisitok 1,000,000. Mu a gareji da santisitok muke aiki, wanda ake taƙaitawa cSt, domin shi ne daidai da abin da muke zubawa: ruwa a zafin digiri 20 bai wuce kusan 1 ba, man dizal kuwa yana tsakanin 2 da 4.5 a digiri 40. Saboda haka idan ka ga m²/s, ka matsar da ɗigon gida shida zuwa dama, idan kuma St ka gani, wato sitok, gida biyu. Wanda ya zo maka da kilositok, ka sani ɗayansa santisitok 100,000 ne, kuma babu man da muke zubawa a inji da ya kusanci wannan.

Yadda ake tsiyaye tsohon mai da wanke tanki ba zan ɓata bakina a kansa ba, domin wanda ya shekara a hannuna bai iya wannan ba gara ya nemi wata sana'a.

Abin da ya sa na zauna na ba ka amsa shi ne gida biyun nan sun taɓa cinye mini jari. Lokacin da masaƙun Kakuri suke aiki dare da rana, wani mai ƙaramin kamfani a yankin ya kira ni in gyara masa famfon haidirolik. Da kuɗina na sayi kayan gyara a Panteka saboda amana, na haɗa famfon ya zama kamar sabo, na kuma rubuta masa a takarda cewa man ISO VG 46, wato mai kaurin santisitok 46, za a zuba. Sai ya samu wasu durori a gwanjo da araha, takardarsu ta ce 4.6 St, ya nuna mini yana murna wai ai 46 ne, ɗigon kuskuren mai bugawa ne. A gaban ma'aikatansa na gaya masa cewa wannan santisitok 460 ne, man manyan akwatunan giya, wanda ya ninka kaurin da famfon yake so sau goma. Ya ce ya ji. Ina juya baya ya sa yaransa suka cika tanki da shi.

Da sanyin safiyar hunturu suka tayar da injin, lokacin da mai ya fi kowane lokaci daskarewa. Famfon ya kasa zuƙo shi, ya shiga kuka kamar an zuba masa tsakuwa, amma ba wanda ya kashe, har sai da cikinsa ya kakkarce gaba ɗaya. Mutumin nan ya zo har bakin garejina yana ɗaga murya cewa aikina ne ba shi da kyau. Da aka kai magana gaban dattawan ƙungiyarmu, na tsoma sukurdireba a man da na ɗebo daga tankinsa, na ɗaga kowa ya ga yadda yake zarya yana ƙin ɗiga. Duk da haka ya rantse bai taɓa ganin takardata ba, dattawa suka ce a yi sulhu, sulhun kuwa shi ne na yafe kuɗin aiki da na kaya. Har yau idan na bi ta hanyar Kakuri sai raina ya ɓaci, ba don kuɗin kaɗai ba, sai don sunana da ya ɓata a wurin mutanen da suke ba ni aiki.

Ku yaran yanzu kuna ganin waya ta isar muku, sai ku danna lamba ku karɓi duk abin da ta fitar, ba ku duba ma'aunin da ke gefenta ba, balle zafin da aka auna man a kansa. Lambar ISO a digiri 40 ake auna ta, kuma an yarda ta kauce da kashi 10 cikin 100, wato man 46 yana iya zama daga 41.4 zuwa 50.6. Baƙin man mota kuwa tsarinsa daban ne, domin lambar SAE 40 da ake rubutawa a jikinsa ba santisitok 40 ba ce. A digiri 100 ake auna shi, inda kaurinsa yake tsakanin 12.5 da 16.3. Idan kuma ka ci karo da takardar da aka rubuta cP, wannan wani ma'aunin kauri ne daban, wanda kafin ya koma santisitok sai an raba shi da nauyin man idan aka kwatanta da na ruwa, wanda yawanci kusan 0.87 ne, kuma ban yarda ka zuba komai ba sai ka kawo mini takardar na gani da idona.