Motocin Da Sun Fi Na Yanzu Ne, Ko Kewa Ce Kawai?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni direban babbar mota ne. A kan Bedford na yi yaron mota, na daɗe ina tuƙa Marsandi 911, yanzu kuma tirela ta zamani nake ja, mai canza giya da kanta. Mota ce mai daɗi, ba na musu, amma har yau raina bai kwanta da ita ba. Motocin da kowace da halinta, daga nesa in ka ji kukan inji ka san wace ce ke tafe. Na yanzu duk fuskarsu ɗaya, kuma in ta tsaya maka a hanya ba ka da abin yi sai jiran mai kwamfuta. 'Ya'yana suna cewa tsufa ne ke damuna. Da gaske na da sun fi ƙarko, ko kewa ce kawai?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Baba. Ka ce wa yaran su sassauta, kunnenka bai yaudare ka ba. Sai dai akwai inda zan tsaya a bayansu, in mun kai wurin.

Kukan injin da kake ganewa daga nesa yana da tushe. A shekarun 1960 da 1970 kowane kamfani da irin tunaninsa game da yadda za a gina inji. Magirus-Deutz ta Jamus iska ke sanyaya injinta, ba lagireto, ba ruwa kewaye da silinda da zai danne ƙara, shi ya sa kukanta ke da kaifi. Detroit Diesel ta Amurka kowane fistin yana kama wuta a duk juyi ɗaya, saɓanin sauran da sai an yi juyi biyu, don haka kana jin ta kamar za ta tashi sama alhali tafiyarta take a hankali. Gardner ta Ingila kuwa ba ta gaggawa, injinta 6LXB ƙarfin dawaki 180 yake bayarwa a juyi 1850 kacal a minti. A 1969 Scania ta fito da V8 mai dawaki 350 da gurnaninsa na daban. Ga kuma injin OM 352 na Mercedes, wato Marsandi, mai fistin shida, wanda ya shiga yawancin masu gajeren bonet irin 911 ɗinka. Yau fa? In ka cire V8 ɗin Scania da ya rage, kusan duk manyan motocin dogon zango fistin shida ne a jere, lita 11 ko fiye, da turbo. Kwamfuta tana fesa ɗan mai kaɗan kafin babban feshin don ta kashe ƙwanƙwasar nan ta dizal, hayaƙin kuma sai ya ratsa akwatin tacewa kafin ya fita. Abin da ya isa kunnenka bai wuce huci ba.

Fuskar ma ba rashin basira ce ta sa suka yi kama ba. A Turai doka ta ƙayyade tsawon tirela da kanta gaba ɗaya mita 16.5, saboda haka duk taƙin da aka ba bonet an rage wa kaya ne. Sai kowa ya ɗora ɗakin direba a kan inji, gaba ya zama shafe. A Amurka, inda tun 1982 tsawon bodin ake aunawa ba na motar duka ba, har yanzu masu dogon hanci ne ke cin kasuwa. Sannan iska ba ta san sunan kamfani ba, duk wanda ya nemi siffar da za ta rage shan mai, amsa ɗaya zai samu. Kamfanonin kansu sun haɗiye juna. Bedford ta daina ƙera manyan motoci a 1986. Leyland ta haɗe da DAF a 1987, yanzu dukkansu na kamfanin Paccar na Amurka ne. Magirus ta narke cikin Iveco, Volvo ta mallaki Mack da sashen manyan motoci na Renault, MAN da Scania kuwa uwar gijiyarsu ɗaya, Volkswagen. Sunaye sun rage a jikin mota, masu yanke shawara ne suka ragu.

Batun ƙarko shi ne ya fi buƙatar a zauna a kansa, don rabin maganarka gaskiya ce. Ɗauki OM 352 ɗin nan. Lita 5.7 ne, amma dawaki 130 kawai ake nema daga gare shi, wato kusan 23 a kowace lita. Injin yau mai lita 13 yana ba da 500, kusan 40 a lita ke nan, kuma akwai waɗanda suka haura 750 a manyan injuna. Injin da ba a matsa masa ba yana yafe laifi. Ka yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, ka jinkirta juye, ka zuba masa man da ba ka yarda da shi ba, zai yi tari ya ci gaba da tafiya. Famfon mansa na ƙarfe ne zalla, da zarar ya tashi ko batir ya mutu ba ruwansa. Nozul ɗinsa yana buɗewa a matsin da bai wuce bar 200 da 'yan kai ba (bar ma'aunin matsi ne). Na yanzu yana aiki a bar 2000 ko fiye, ta ramukan da suka yi sirantar gashi, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya lalata injekta. Abin da ya fi muhimmanci, tsohuwar mota kusan duk ciwonta ana ganinsa da ido ko a ji shi da kunne. Da sifana, da waya, da ɗan ƙyallen roba, direba da yaronsa sun kai ta gari. Ba banza ba Mercedes ta ci gaba da ƙera mai gajeren bonet tun daga 1959 har 1995, shekaru da yawa bayan ta daina sayuwa a Turai, saboda ƙasashen da hanyoyinsu ke da wuya ba su daina nemanta ba.

Ɗaya rabin shi ne inda yaranka ke da hujja. Tsofaffin da kake gani suna yawo har yau su ne zakaran gwajin dafi, dubban 'yan uwansu da tsatsa ta cinye ko suka faɗa kwari babu mai tuna su. Waɗanda suka rayun ma, sau nawa aka sauke injinsu aka canza ringi da metal? Sauƙin gyara ne ya raya su, ba rashin lalacewa ba. Injin zamani da ya samu mai mai tsabta da juye a kan kari, ba abin mamaki ba ne ya haura kilomita miliyan ɗaya ba a buɗe shi ba. A zamanin Bedford wannan sai a mafarki.

Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, in ji masu magana, amma bari in tuna maka wasu abubuwan baran. Sitiyarin da sai ka miƙe tsaye kafin ka juya shi da lodi. Kulocin da sai ka taka sau biyu, ka daidaita totur, kafin giya ta yarda ta shiga ba ƙara. Zafin inji a ƙafa, kujerar da ba ta san tausayi ba, da ƙarar da ta bar tsofaffin direbobi da yawa sai an ɗaga musu murya. Uwa uba birki. Duk wanda ya taɓa gangaro dogon tudu da kaya ya ji birkin ya yi zafi ya saki, yana taka feda ba amsa, ba ya kewar wannan ranar. Sai a 1981 Mercedes ta fara sa ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, a manyan motocinta, kuma tun ƙarshen 2015 dokar Turai ta wajabta wa sababbin manyan motoci birkin da ke kama kansa in ya hango karo. Hayaƙi kuma, ƙa'idar Turai ta Euro I ta 1992 ta yarda da giram 8 na iskar NOx mai cutar da huhu a kowane kilowat na awa ɗaya, Euro VI da ta zo a 2013 ta mayar da shi 0.4. Motocin da kake kewa sun girmi har ta farkon, ba mai auna abin da suke tofarwa. Baƙin hayaƙin nan da muke gani alamar ƙarfi, huhun direba da na yaron mota ne suka fara shan sa.

A ganina, abin da kake kira halin mota rabinsa halinka ne. Tsohuwar mota ba ta cika ba sai da direbanta. Kai ka san sai an yi mata lallashi da safe, ka san giya ta uku tana fita in ba a riƙe ta ba, ka san a wane sauti za ka sauko da giya kafin tudu ya ci ƙarfinta. Wani in ya hau ta ba za ta yi masa tafiyar da take yi maka ba, kuma kowa na iya ganin bambancin gwani da ɗan koyo. Tun da giya mai canza kanta ta yaɗu, irin I-Shift da Volvo ta fito da ita a 2001, wannan ilimin ya koma cikin kwamfuta. Yaron da ya karɓi lasisi bara zai hau tudu lafiya lau kamar kai. Ga na'ura tana rubuta gudunka da tsayuwarka, mai mota yana ofis yana kallon inda kake. An sauke maka wahala, amma an haɗa da wani abu na girmanka an tafi da shi, kuma wannan ba tsufa ba ne, rashi ne na gaske.

Inda nake ganin kamfanoni sun yi wa direba rashin adalci shi ne gyara. Ba dole ba ne mota mai tsabtar hayaƙi ta zama wadda ƙaramin sensa zai durƙusar da ita a daji, alhali inji lafiyarsa ƙalau, a kuma rufe bayanan ciwon ta yadda sai na'urar dila ce za ta karanta su duka.

Tunda ta zamanin kake ja yanzu, ita ma tana da abubuwan da take so, kuma gwanintarka tana da wurin shiga. Mai shi ne ranta. An gina ta ne don dizal mai ƙarancin sulfa, don haka ka kula da inda kake sha, ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a filtar mai kafin fitila ta kunna. In mai shan AdBlue ce, wato ruwan da ake zubawa don tsabtace hayaƙi, kada ka yarda a tsarma shi da ruwa. Haɗinsa kashi 32.5 cikin ɗari na yuriya ne a ruwa tsarkakakke, in ya kauce motar za ta gane ta rage wa kanta ƙarfi. Kada ka bar ta tana aiki a tsaye sa'o'i kamar yadda aka saba yi wa na da, hakan yana toshe matatar hayaƙi, kuma in ta nemi ƙona tokar da ta tara, ka bar ta ta gama. A gangara ka mayar da giya hannunka, ka zaɓi wadda da ita za ka hau tudun, ka bar birkin inji ya riƙe kayan, feda kuma ka ajiye ta sai buƙata ta taso. Lambobin da take nunawa a allo in ta samu matsala, ka rubuta su kafin ka kashe ta, ka karanta wa makanike ta waya, sau da yawa zai san abin da zai taho da shi tun kafin ya baro gareji.