Ƙanena, kada ka sayo takalmin dutse daga Yamai

Ƙanena, na saurari saƙon muryarka har sau biyu, don na farko ina cikin bas ban ji da kyau ba. Barka da samun gurbin karatu, Allah ya sa albarka. Tunda ilimin duwatsu da ma'adinai ka zaɓa, kuma Marakesh ta ƙasar Maroko aka turo ka, ka sani rabin karatun nan a ƙafa ake yin sa, guduma a hannu, littafi a aljihu. Ka tambaye ni ko in ka sauka Yamai daga Tawa wajen cika takardu za ka shiga kasuwar Katako ka haɗa takalmi da ƙatuwar rigar sanyi tun daga gida, tunda an ce maka gwanjo ya fi araha. Ka kuma ce kana son hawa dutsen Tubkal, mafi tsayi a Maroko, kafin shekarar farko ta ƙare.

Rigar zaman ɗaki da ta barci, sayo abinka. Takalmi kam, bar kuɗin a aljihu sai ka iso.

Abin da kake shirin yi, ni na riga ka. Kafin in taho na samu wasu takalma wajen wani ɗan gwanjo, fata mai kauri, ƙirar Turai, ka rantse ba a taɓa taka ƙasa da su ba. Jikka 12 na biya ina ganin na ci riba. Hawana na farko daga ƙauyen Imlil, inda ake fara hawan Tubkal, mun ɗan wuce Sidi Shamharush, inda farin dutsen nan yake da masu sayar da lemun matsi, sai na ji ƙafar dama tana tafa min a baya. Ko da na duba, tafin ya buɗe kamar bakin tarwaɗa, abin da ke tsakani yana zuba gari-gari kamar ƙuli-ƙulin da aka taka. Wani mai alfadari ne ya tsuguna ya ɗaure min shi da igiyar kayansa, bai ce uffan ba, da gani ya saba. Da igiyar na koma Imlil, abokan tafiyata suka wuce.

Daga baya na gane dalili. Tsakanin fata da robar ƙasa akwai wani soso mai tare bugun dutse, kuma a takalman hawa da yawa irin soson ne da shekaru da laima da zafi suke rugurguzawa ko an sa ko ba a sa ba. Wanda ya daɗe a ajiye ma ya fi saurin lalacewa. To ka lissafa: takalmi ya yi shekaru a ɗakin wani Bature, ya shiga dila, ya kwana a tashar jirgin ruwa, ya zo ya sha ranar Yamai a kan tebur. Samansa sabo, cikinsa ya mutu. In har zuciyarka ta ƙi haƙura, danna soson da farce da ƙarfi, ka murɗa takalmin kamar kana matse wanki. Ya yi tsaga ko ya bar gari a yatsanka, ajiye wa mai shi.

Ko da ka yi sa'a takalmin lafiyayye ne, akwai maganar awo, kuma nan ne zuwa da kai ya fi saƙo. Za mu je tare da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura da yawon wuni, ka sa safa mai kauri irin wadda za ka hau da ita. In kana sa lamba 42, yawanci 43 za ta karɓe ka. Kwance igiya, tura yatsu har su taɓa gaba, ka ga ko ɗan yatsan hannunka zai shiga bayan diddige. Sai ka ɗaure, ka taka gangare. Diddige kada ya riƙa ɗagawa, yatsu kada su doki gaba. Mutane suna tsoron hawa, amma saukowa ce ke cin ƙafa. Daga ƙololuwar Tubkal, mita 4,167, zuwa Imlil da ke wajen mita 1,740, gangare ne na fiye da mita 2,400, sashensa na sama tsakuwa ce mai zamewa, kuma kowane taku yatsunka ke karɓar nauyinka. Na ga wanda farcen babban yatsansa ya yi baƙi ya fita bayan sati biyu saboda takalmin ya yi masa cif. Yanke farce kafin kowace fita.

Ka nemi mai dogon wuya da ke rufe idon sawu, mai haƙora masu zurfi a ƙasa, wanda in ka lanƙwasa shi ba ya naɗewa kamar kambas. Ɗan tambarin nan rawaya na kamfanin Vibram a tafin alama ce mai kyau, amma ba farilla ba ne. Akwai shagon kayan wasanni na Decathlon a Marakesh, kuma matsakaicin takalminsu ya ishi fitar aji da Tubkal na lokacin zafi. Dirhami ɗaya wajen sefa 60 ne, ka riƙa lissafi da haka. Na ƙanƙara, masu tauri da ake ɗaura wa ƙarafa masu tsini, kada ka saya, haya ake ba da su a Imlil. Sabon takalmi kuma ba a kai shi dutse kai tsaye. Yi sati biyu ko uku kana zuwa aji da shi, ko za a yi maka dariya.

Safa ta ulu, ba ta auduga ba, ƙafa biyu, ɗaya a jiki ɗaya a leda cikin jaka. Ga wani abin da mai shago ba zai faɗa maka ba: in ka yi alwala a rafi, goge ƙafa ta bushe sarai, har tsakanin yatsu, kafin ka mayar da safa. Jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmi, awa ɗaya ta isa ta yi bororo.

Sai riga. Sanyin da ka sani na hunturu ne, busasshe, ya gallabe ka da asuba, kafin hantsi ya ɗaga ka tuɓe rigar. Na dutse daban yake. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da digiri 6 da rabi ko kusa da haka. Marakesh tana wajen mita 460, wato ranar da gari ke 30, can sama bai fi 6 ba, kafin iska ta sa hannu. Dutsen Bagzam na Abzin, wanda babu kamarsa a Nijar, mita 2,022 ne. Masaukin da ake kwana kafin hawan ƙarshe na Tubkal yana mita 3,207, kuma tun duhun asuba ake fita da tocila a goshi.

Ƙatuwar rigar nan mai kama da katifa da kake hange, ita ce za ta cuce ka. Minti 20 da fara hawa ka jiƙe da gumi a cikinta, ka tsaya hutawa ka tuɓe, iska ta bugi jiƙaƙƙen jiki, haƙora su fara haɗuwa. Riguna uku marasa nauyi ake jerawa. Ta jiki, mai saurin bushewa, irin yadin rigar ƴan ƙwallo, ita ma ba auduga ba, don auduga in ta sha gumi riƙewa take. Ta tsakiya mai laushi da ɗumi, wadda ake kira polar a nan, wannan gwanjo ya ishe ka, babu abin da ke lalacewa a jikinta sai zif. Ta waje kuma siririya ce, aikinta tare iska da ruwa kawai, kuma ita ce ta cancanci a tsaya a duba. Juya cikinta: kowane ɗinki ya kasance an bi shi da wani siririn tef an manne, in babu, ta ramin allura ruwa zai shiga. A takardar jikinta za ka ga adadi da milimita, wato awon ƙarfin tare ruwanta, 10,000 ya yi maka, 20,000 na masu kwana cikin ruwan sama ne. Hularta ta zama mai igiyar tsukewa, ta kuma yi yalwar da za ta hau kan sauran biyun ka ɗaga hannu ba ta ɗage ba. Gore-Tex yadi ne mai fitar da tururin gumi ya hana ɗigon ruwa shiga, yana da kyau, yana da tsada, kuma na jabu sun cika kasuwanni daga can har nan. Ni dai na fi yarda da tef ɗin da na gani da idona a kan sunan da aka ɗinka a ƙirji.

Rawaninka na Adar kada ka bar shi. Ya tare min iska a wuya da kunne fiye da duk wani abin da na saya da dirhami.

Tubkal kuwa ba a hawansa kai kaɗai. Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan yawon buɗe ido kusa da Imlil a Disamba 2018, sai da ɗan jagora mai izini, kuma jandarmomi na duba takardu a hanya, don haka fasfo ko katin zama ya kasance a jikinka. Ƙanƙara kan rufe saman daga wajen Nuwamba har Afrilu ko Mayu. Bari sai ƙarshen Yuni in an gama jarrabawa, lokacin takalmin ya san ƙafarka, ka kuma yi fita biyu ko uku da ajinku.

Gurbin da takalmin zai ci a akwati, cika min shi da kilishi da yaji, da man kaɗanya saboda faso, don ƙafarka na san ta. Ka turo min ranar jirginku da zarar an ba ku. Ka gaida Inna, ka ce mata bargon da ta ce sai ka taho da shi, ka taho da shi ɗin, ɗakunan nan babu abin ɗumama su a watan Janairu.