Amsa ga Yaya: zaman hunturu a Ingila da maganar sayayyar Disamba

Yaya, na ji tambayarki, na kuma ji abin da ke ƙarƙashinta. Kin ga hotunan mutanenmu niƙi-niƙi da ledoji a ƙarshen Disamba, kin ji an ce ba a zuwa gidan Bahaushen Ingila sai an buga waya, shi ne kike son sanin ko mu ma mun fara Kirsimeti, zama da maɗaukin kanwa ya kawo mana farin kai. Bari in faro daga sanyin, don yawancin abin da kike gani shi ya haife shi.

Hunturun Kano busasshe ne. Da asuba a yi rawar ɗari, hantsi na dubawa a tuɓe rigar sanyi. Na nan jiƙaƙƙe ne, kuma yini yake yi. A Janairu Landan takan tsaya wajen digiri 8 da rana, da dare ta sauka 2 ko 3, wani lokaci ƙasa da sifili. Dusar ƙanƙarar da kuke gani a hoto ba kullum ba ce, yayyafi da iska su ne na kullum. Abin da ya fi cin rai duhu ne. Lahadin ƙarshe ta Oktoba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, shi ya sa kuke gaba da mu da awa guda har ƙarshen Maris. A tsakiyar Disamba rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 kuma ta faɗi. Azahar da sha biyu, La'asar kafin biyu, Magariba kafin huɗu: salloli uku cikin awa huɗu, mutum yana bakin aiki. Masallatai da yawa na 'yan Pakistan da Bangladesh ne, Hanafawa, La'asar ɗinsu tana bayan tamu da kusan rabin awa, don haka sai an kula da jadawalin da aka ɗauko.

Gidajen nan da ruwan zafi ake ɗumama su. Akwai boila mai aiki da gas, galibi a kicin, tana tura ruwa ta bututu zuwa faffaɗan ƙarfen da ke jikin bangon kowane ɗaki, wanda muke kira hita. Ana son ɗakin zama ya kai digiri 18 zuwa 21. Idan ƙasan hita ya yi zafi samanta na sanyi, iska ce ta taru a ciki. A kashe boila, a bari ta huce, a sa ɗan makullin hita a kusurwar sama, a murɗa kaɗan da tsumma a hannu. Za a ji huci, ruwa na fara ɗigowa a rufe. Daga nan a duba allurar da ke gaban boilar, ta tsaya tsakanin 1 da 1.5. In ta faɗi ƙasa, boilar ƙin tashi take yi sai an ƙara mata ruwa ta famfon da ke ƙasanta. Akwai kuma siririn bututun roba da ke fitar da ruwa waje, a daren da sanyi ya tsananta daskarewa yake yi, a wayi gari gida kamar firji. Maganinsa ruwa mai ɗumi a kwarara masa daga waje, ba tafasasshe ba, don kada robar ta tsage. Duk abin da ya shafi gas ɗin kansa kuwa ba a taɓawa, sai ma'aikaci mai rajista, kuma doka ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba sau ɗaya a shekara.

Ɗumin nan kuɗi ne. A hunturun 2022 sai da gwamnati ta sa baki ta riƙe kuɗin wuta da gas na matsakaicin gida a kan fam 2,500 a shekara, ki lissafa da naira ki gani. Don haka gidaje da yawa awa biyu da safe ake kunnawa, sai kuma da yamma, a rufe ɗakunan da ba kowa. To a nan maganar buga waya ta shigo. Ba wulaƙanci ba ne. Mai gida na iya kasancewa ya kwana a wurin aiki yana ramuwar barci, ga shi falon tun jiya ba a ɗumama shi ba, kuma yana ɗaukar kusan awa guda kafin ya zaunu. A shigar da baƙo ɗaki mai sanyi haƙoransa na haɗuwa, wannan ne abin kunya a wurinmu. Wanda ya sanar, kafin ya iso an kunna hita, kunu na kan wuta.

Tarkon da sababbin zuwa suke faɗawa shi ne toshe ko'ina don kada ɗumi ya fita. Sai tururin girki da na wanka da na wankin da aka shanya a kan hita ya rasa hanya, tagogi su yi ta gumi, bayan kabad ya yi baƙar fumfuna, atamfofi da shaddodin da ke akwati su yi warin ruma. Ba ƙaramin abu ba ne: a Disamban 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale na Ingila, bincike ya tabbatar fumfunar gidansu ce sanadi, har aka yi doka saboda shi. Kowace safiya a buɗe taga minti goma ko da ana ɗari, a goge gilashi, a rufe tukunya in ana girki, a janye kabad ɗan yatsa huɗu daga bango. Mai hali ya sayi na'urar tsotse danshi, a riƙe shi ƙasa da kashi 60 cikin 100.

Kaskon garwashi da iyayenmu ke shiga da shi ɗaki a gida, a zagaye shi ana gasa dankali, a nan kisa yake yi. Ɗakin gida yana da kafofin iska, na nan kamar kwalba yake, gawayi kuma yana fitar da guba marar wari marar launi, mutum ya yi barci bai farka ba. Turaren wutarmu bai daina tashi ba, sai dai a kan kaskon lantarki, nesa da ƙararrawar hayaƙi, don tana fara ihu maƙwabta sun fito.

Jiki ma yana da nasa. Hasken ranar ƙasar nan ba ya isar baƙar fata, hukumar lafiya ta ƙasar tana ba da shawarar bitamin D maikrogiram 10 kullum, ga kowa daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, ga irinmu kuwa duk shekara, balle mai hijabi. Yawan ciwon ƙashi da kasalar da ake ɗora wa sammu, a fara gwada jini tukuna. Ruwan Landan mai gartsi ne, ga hita na busar da fata, man kaɗanya ya fi duk mayukan kanti in an shafa jiki da sauran laima. Tufafi hawa uku ake sawa, na ciki mai kama jiki, sai suwaita, sai kwat, abaya ko kaftani a tsakani ba abin da ya hana. Da dare akwai salkar roba ta ruwan zafi: kashi biyu cikin uku ake cikawa, ba da tafasasshe ba, a matse iskar kafin a rufe, a sauya ta bayan shekara biyu don tana fashewa a gado.

A kicin, sanyi ya fi nuna halinsa a kan ƙullu. Ƙullun wainar da zai tashi cikin 'yan awoyi a Kano, a nan sai ya kwana yana kallonki, saboda kicin na iya sauka digiri 15, yis kuwa yana son wajen 30. Dabarar ita ce a kunna oben a mafi ƙarancin wuta minti biyar, a kashe, a sa hannu a ji ɗumi ne ba zafi ba, sannan a saka robar ƙullun a rufe. In zafin ya yi yawa yis ɗin mutuwa yake yi, wainar ta fito a daƙile kamar dutse. Gasarar koko sai ta kwana uku kusa da hita kafin ta yi tsami. Gero yana shagunan Indiyawa da sunan bajra, tsamiya kuma imli. Tuwon shinkafa da gajeriyar shinkafar da Turawa ke dafawa da madara ake yi, basmati ba ta tuƙuwa. Zoɓo kuwa a Disamba ya fi yawa a unguwannin Brixton da Peckham na Landan, don 'yan Jamaika shi ne abin shansu na Kirsimeti.

Yanzu ga ledojin. Ragin farko yana zuwa a ƙarshen Nuwamba, ranar da suke kira Black Friday, sunan da ba ya yi mana daɗin faɗa. Na biyu washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, har cikin Janairu, kuma shi ne lokacin sayen kwat da takalman yara, a ɗauki wanda ya ɗara su don baɗi. Yanzu da azumi ya gangaro Fabrairu da Maris, a ragin nan ake haɗa kayan Sallah. Ba duk ragi ne na gaskiya ba, wanda bai san farashin Oktoba ba shi ake yi wa wayo. Abin da aka saya ta intanet ana da kwana 14 a fasa, na cikin kanti kuwa sai yadda kantin ya tsara, don haka ba a yar da rasit. Kayan abinci dole a tara, domin ranar 25 doka ta rufe manyan kantuna a Ingila, jirgin ƙasa da bas na Landan ma ba sa aiki. A makon ne karas da dankali ke faɗuwa ƙasa da kwabo 20 leda. Sai dai a karanta bayan kwali, kek da cakulan na lokacin da yawa akwai giya, alawoyi kuma da sinadarin alade. Abin da ke ban dariya, Yaya, masu yi mana wa'azin sayayyar Kirsimeti su ne ke turo lambar takalminsu tun Nuwamba.

Ranar 25 ɗin ita ce kusan rana ɗaya tak da direban tasi da ma'aikacin ofis da ɗalibi suke hutu tare. Sai mu taru a gida guda, a yi tuwo da miyar kuka, wani ya gasa talotalon halal, a yi jam'in salla a falo. Wanda ya ga hoton ya ce biki muke, shi ya sani.

Inda maganar take da nauyi shi ne gidajen da aka yi auratayya. Akwai 'yan'uwanmu da suka auri Turawa ko 'yan Karebiyan da suka musulunta, surukai kuma suna nan da addininsu. Kakar yara ta gayyace su cin abinci ranar da ta fi kowace girma a wurinta, me za a ce mata? Wasu suna zuwa da namansu, a kau da giya daga tebur, wasu su bari sai 26. Malamai sun saɓa, kowane gida da wanda yake bi, amma ban san malamin da ya ce a yanke zumunci ba. Daga nesa hukuncin yana da sauƙi. Haka maganar harshe. Gaskiya ne yaranmu Hausarsu da gargada, sukan ce wa mace "kai", amma suna durƙusawa su gaida manya, Asabar da Lahadi suna Islamiyya, kuma yaran manyan unguwannin Abuja ba su fi su ba, ba wanda ya ce sun fita daga Hausawa. Idan sun zo hutu aka yi ta dariya ana ce musu Turawa, bakin nasu rufewa yake yi gaba ɗaya.

Tun da kin ce za ki ba da saƙo, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji suna wucewa, a naɗe daddawar leda uku saboda kayan mutane. Busasshen kifi ma an yarda da shi. Nama da duk abin da aka yi da nono an hana shigo da su daga Najeriya, kwastan ƙwacewa suke yi, har da tara wani lokaci. Kilishi da dambun nama da man shanun da kika ambata ki bar su a gida, ku ci a madadinmu.